Ɗan Ƙadangare Mai Gemu: Rabin Cikinsa Yana Rataye a Jikin Fitila

Da safe, idan aka kunna fitilar akwatinsa, ɗan ƙadangaren nan ba ya nufar kwanon abinci. Yakan rarrafo a hankali daga inda ya kwana, jikinsa ya yi duhu, ya hau dutsen da ke ƙarƙashin fitila, ya baje haƙarƙari har ya koma faffaɗa, ya karkata gadon bayansa wajen haske. Can bayan wani lokaci sai launinsa ya washe, ya ɗaga kai, idonsa ya fara bin duk abin da ya motsa. In zafi ya ishe shi, sai ya hangame baki ya bar shi a buɗe don ya rage. Sai a wannan lokacin ne yake da cikin da zai iya karɓar abinci. Kafin nan tumbi da hanji suna nan a wurinsu, amma aikinsu a kwance yake.

Wannan shi ne abin da sabon mai kiwo ya fi saurin tsallakewa. Da zarar ɗan ƙadangare ya ƙi cin abinci, ko ya yi kwanaki bai yi kashi ba, ko ya haras da gyaren da ya ci jiya, hankalin mutum yakan tafi kan kwano. A canza ƙwari, a ƙaro ganye, a sayo wani gari a barbaɗa. Ni kuwa a ganina, mafi yawan abin da ake kira ciwon ciki a wajen waɗannan ƙananan dabbobi ba daga kwano yake farawa ba. Daga saman akwati yake saukowa, inda fitilu suke rataye.

Asalin dabbar daga busassun yankunan tsakiyar Ostireliya take, masana kuma suna kiranta Pogona vitticeps. Tun shekarun 1960 ƙasar ta hana fitar da namun dajinta, don haka waɗanda ake kiwo a Amurka da Turai da sauran wurare a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su, zuriya bayan zuriya. Sai dai jikinsu bai manta inda ya fito ba. Har yanzu jiki ne da aka gina don rana mai ƙarfi, iska mara laima, da dutse mai zafi da za a kwanta a kai a sha hantsi. Ɗan yakan fito daga ƙwai da tsawon da bai wuce santimita 10 ba, a cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kuma ya doshi santimita 45 zuwa 60 har da wutsiya. Duk wannan ƙashi da tsoka ta hanjin da bai kai kaurin bututun biro ba za su bi su ginu. Shi ya sa kuskuren da babban ƙadangare zai yi watanni yana jurewa, ƙarami makonni kaɗan yake ɗauka ya kwanta.

Mu fara da zafi. Mutum da sauran masu shayarwa a cikin jikinsu suke samar da ɗumi, shi kuwa ƙadangare aro yake yi daga waje. Sinadaran da ke narka abinci a tumbinsa, da motsin da hanji ke yi yana tura abin da aka ci gaba, duka suna tafiya ne gwargwadon zafin jikinsa. Ƙungiyar kare dabbobi ta Ingila, RSPCA, ta ba da shawarar gefen fitila ya kasance tsakanin digiri 38 zuwa 42 a ma'aunin Salshiyas, ɗaya gefen mai inuwa kuma 22 zuwa 26, laimar iska kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. Gefen sanyin ma wajibi ne, domin da kai-komo tsakanin wuraren biyu dabbar take daidaita kanta. Akwatin da ko'ina zafinsa ɗaya ne ya ƙwace mata wannan dabarar.

To, me ke faruwa idan dutsen shan hantsi ya tsaya a digiri 30? Ɗan ƙadangaren zai iya ci, musamman a kwanakin farko, don idonsa na ganin motsi kuma ɗabi'arsa ce ya kai cafka. Amma abin da ya haɗiya zai daɗe a ciki fiye da kima. Ya fara ruɓewa kafin ya narke, ciki ya kumbura, ƙwayoyin cuta su sami wurin yaɗuwa. Daga nan ɗaya cikin uku: ko ya amayar, ko ya yi kashi mai wari da ake ganin ƙafafun gyare da fukafukai a ciki ba su narke ba, ko kuma abin ya tsaya cak. Mai shi yana kallon alamu uku daban, ya ɗauka cututtuka uku ne, alhali tushensu ɗaya.

Abin da ya fi ba ni takaici a nan shi ne ma'aunin zafi. Ɗan zagayayyen ma'aunin nan mai allura da ake mannawa a jikin gilashi, zafin gilashin da iskar da ke kusa da shi yake faɗa, kuma ko shi ɗin ba daidai ba. Ƙadangare ba a jikin gilashi yake kwanciya ba. Abin da ake buƙatar sani shi ne zafin saman dutsen da cikinsa ke taɓawa, wannan kuwa sai da ma'auni mai waya da ake ɗora bakinta a wurin, ko wanda ake nuna shi daga nesa ya karanta zafin saman abu. Mutum zai rantse cewa akwatinsa na da zafi, ya auna da abin kirki ya tarar da ratar digiri masu yawa. Wani lokacin ma akasin haka ne, wurin ya yi zafi har dabbar ta guje shi ta koma lungu mai sanyi ta wuni, sakamakon kuma duk ɗaya ne. Dutsen roba mai wutar lantarki a ciki shi ma ba mafita ba ne, ya sha ƙona cikin ƙadangaru, don zafin da ke zuwa daga sama jikinsu ya fi ganewa.

Lokacin ciyarwa ma na cikin wannan lissafi. A bari fitila ta yi awa ɗaya ko biyu a kunne kafin abincin farko, a kuma tabbatar saura aƙalla awa biyu kafin a kashe ta idan za a ba da na ƙarshe. Wanda ya dawo aiki da dare ya cika wa ɗan ƙadangare ciki sannan ya kashe wuta, da kyakkyawar niyya ya yi, amma ya bar abinci a cikin tumbin da zai yi sanyi har wayewar gari.

Fitila ta biyu ita ce wadda aka fi raina wa aiki, domin abin da take bayarwa ido ba ya gani. Hasken UVB ne ke sa fatar ƙadangare ta samar da bitamin D3, shi kuma bitamin ɗin shi ke buɗe wa kalsiyam hanya daga hanji zuwa jini. In babu shi, ko an tula wa dabbar garin kalsiyam, yawancinsa wucewa zai yi. Gilashi da roba suna tare wannan haske, saboda haka ajiye akwati a bakin taga ba ya maye gurbin fitilar, sai ma haɗarin akwatin ya zama tanda. Ita kanta fitilar ƙarfinta na raguwa tun tana ci gaba da haskawa kamar sabuwa, dole a canza ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta. Doguwar fitila mai ƙarfin UVB kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari, wadda ta mamaye gefen shan hantsi, ita ta fi dacewa.

Ina alaƙar wannan da ciki? Kowa ya san kalsiyam da gina ƙashi, amma ba kowa ya san tsoka ba ta iya matsewa sai da shi ba, kuma bangon hanji tsoka ce. Idan ya yi ƙaranci a jini, jiki yakan fara zaƙulo shi daga ƙashi don ya rufe giɓin. Muƙamuƙi ya yi laushi har tauna ta zama wahala, yatsu su riƙa karkarwa, ƙafafu su lanƙwashe, ƙashin ƙugu ya nakasa ya matse hanyar da kashi ke bi. Hanjin kuma ya yi sanyin aiki. Dabbar ta yi ta yunƙuri ba abin da ya fito, wani lokaci har dubura ta zazzago. Don haka maƙarƙashiyar ɗan ƙadangare sau da yawa saƙo ne na farko daga ciwon ƙashi da ke tafe, tun kafin a ga karkacewar ƙafa.

Ƙwarin da ake kiwo don ciyarwa su ma suna ƙara nauyin matsalar. Abin da ake so a abinci shi ne kalsiyam ya ninka fosfaras kusan sau biyu, amma gyare da tsutsar gari da kyankyason Dubiya duk a juye suke, fosfaras ya fi yawa nesa ba kusa ba. Tsutsar baƙin ƙudan soja ce ta fita daban, don ita tana da kalsiyam mai yawa a jikinta. Gyaran da ake yi iri biyu ne. A ciyar da ƙwarin da ganye da abinci mai kyau na awa 24 zuwa 48 kafin a miƙa su, domin abin da ke cikin gyare shi ƙadangare zai ci. Sannan a zuba su a leda ko kofi tare da ɗan garin kalsiyam a girgiza su yi fari-fari, ba har su zama dunƙulen gari ba. Garin bitamin kuwa sau ɗaya ko biyu a mako ya isa, yawansa ma illa ne.

Sai girman abin da ake ba shi. Masu kiwo na da wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa: kada ƙwaro ya wuce faɗin da ke tsakanin idanun ƙadangaren biyu. Ƙa'idar ba ta fito daga ɗakin gwaji ba, amma ta ceci rayuka da yawa. Ɗan ƙadangare ba shi da linzami, in abu ya motsa zai kai masa baki ko da ya fi ƙarfinsa. Babban ƙwaro a ƙaramin ciki kan tokare, ya danne jijiyoyin da ke kusa da ƙashin baya, sai a ga dabbar ta miƙe ƙafafun baya tana jan su a ƙasa, ko jikinta na fizga. Tsutsar gari da babbar 'yar'uwarta suna da ɓawo mai tauri da ƙiba mai yawa, gara a jinkirta su sai ya yi girma. Ƙwarin da aka kamo a waje ba a san abin da suka ci ko maganin feshin da ya taɓa su ba. Maƙesu kuwa, ƙwaron nan mai walƙiya da dare, guba ne kai tsaye. A 1999 masu bincike a Amurka suka wallafa rahoton ƙadangaru masu gemu da suka mutu bayan cin sa, kuma guda ɗaya tak ya isa ya kashe.

Yanzu batun yashi, wanda a kansa masu kiwo suka fi ja-in-ja. Wani zai ce yashi kisa ne, wani ya ce ai a dajin Ostireliya ba a kan tayil suke rayuwa ba. Kowanne na da rabin gaskiya. Ka tsaya ka kalli ƙaramin yana farauta: yakan sunkuyar da kai, ya tsura wa gyare ido, ya ruga, ya harba harshensa mai danƙo. Sau da yawa yakan kuskure, harshen ya dawo da ƙwayoyin yashi maimakon gyare, ya haɗiye, ya sake kai hari. Ko ba farauta yake ba, da harshe yake binciken duniya, duk sabon abu sai ya lasa. Ƙadangaren da ke da isasshen zafi da ruwa a jiki da kalsiyam zai iya fitar da ɗan abin da ya haɗiya ba tare da matsala ba. Wanda hanjinsa ya riga ya yi sanyi, a cikinsa yashin zai taru ya daskare. Ƙari a kan haka, wanda kalsiyam ya yi wa ƙaranci yakan ci ƙasa da gangan yana neman abin da ya rasa. Ke nan yashi yakan ƙarasa aikin da sanyi da rashin haske suka fara ne. Duk da haka, ga wanda bai kai wata shida ba, ban ga dalilin yin kasada ba. A shimfiɗa takardar goge hannu ko tayil mai ɗan kaushi. Yashin kalsiyam da ake tallatawa wai yana narkewa a ciki, da niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar walnat, waɗannan biyun a nisance su ko ga babba.

Takarda na da wani amfanin da ya wuce kariya, tana nuna maka kashi a fili, kuma kashi shi ne labarin da dabbar ke iya ba ka kullum. Na lafiyayye ɓangare biyu ne a haɗe: dunƙule mai ruwan ƙasa wanda ya riƙe siffarsa, da wani fari mai laushi a gefe, wanda shi ne fitsarinsa, don ba ruwa yake fitarwa kamar namu ba. In farin ya bushe ya yi tauri ko ya koma ruwan ɗorawa, ruwa ya yi ƙaranci a jiki, kuma irin wannan busasshen kan toshe ƙofa da kansa. Ƙaramin da ke ci sosai yakan yi kashi kusan kullum. Ya yi ruwa sau ɗaya bayan an ba shi sabon ganye, ba abin tashin hankali ba ne. Amma zawo na kwanaki, ko majina, ko jini, ko wari mai tsanani da ya saɓa wa wanda aka saba ji, wannan ya wuce gyaran gida.

Ganye kuwa a fara sa masa tun yana ƙarami, ko da taka shi kawai zai yi. Yawancin abincinsa a wannan shekarun ƙwari ne, sau biyu ko uku a rana yana jariri, a rage yayin da yake girma, har lissafin ya juye ganye ya rinjaya idan ya manyanta. A yanka ganyen mastad ko na kolad ko dandaliyan ƙanana, a kankare ɗan kabewa a kai, a yayyafa ruwa. Latas mai ruwa-ruwa ba ya ƙara komai sai sakin ciki, 'ya'yan itace kuma sukarinsu ya yi yawa. Afokado da albasa kada su shiga kwanon sam. Ina kuma da ja a kan al'adar barinsa ya ci iya cinsa a kowane zama don a ga ya girma da wuri. Saurin girma na ƙara wa ƙashi buƙatar kalsiyam a daidai lokacin da ya fi wuyar wadatarwa, kuma yana gadar da ƙiba da kitsen hanta daga baya. Gyaren da ya rage a kwashe shi kafin dare, domin yakan ciji ƙadangaren yana barci.

Akwai kuma abin da fitila ba ta magani, dole a faɗi wannan kada a ɗauka zafi ne amsar komai. Da yawa daga 'ya'yan ƙadangarun nan da ƙwayoyin cuta a hanji suke zuwa daga inda aka ƙyanƙyashe su. Fitacciya ita ce koksidiya, nau'in Isospora amphiboluri, sai ƙananan tsutsotsin hanji. Kaɗan daga cikinsu ba sa hana lafiyayye rayuwa. Amma koksidiya ba ta buƙatar wata dabba a tsakani, daga kashi take komawa baki, dabbar ta taka kashinta ta taka kwanonta ta sake haɗiye ƙwayoyin. A cikin rufaffen akwati adadinsu kan ninka da sauri, musamman idan wahalar sauya wuri ta raunana garkuwar jiki. Sakamakon shi ne zawo, rama, da tsayawar girma. Ido ba ya ganinsu, sai likitan dabbobi ya duba sabon kashi da madubinsa, shi ne kuma zai zaɓi magani ya auna shi daidai da nauyin dabbar da ba ta wuce 'yan giram ba. Magani ba tare da tsaftace akwati kullum ba, aikin baban giwa ne. Mafi muni ita ce ƙwayar cutar adeno, wadda ke kama hanta da hanji, ta bar ɗan ƙadangare a tsumbure, wani lokaci yana ɗaga kai sama yana wuntsilawa. Ba ta da magani sai jinya, kuma wanda ya kamu dole a raba shi da sauran.

Shi mai kiwon ma ya kula da kansa. Ƙadangare mai cikakkiyar lafiya na iya ɗauke da salmonela, ƙwayar cuta mai kama mutane, a kashinsa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta danganta ɓarkewar cutar da waɗannan dabbobi a 2014 da 2022 da 2024, tana kuma gargaɗin kada yara 'yan ƙasa da shekara 5 su riƙa taɓa su. A wanke hannu da sabulu, kada kuma a wanke kwanonsa inda ake wanke na mutane.

Ƙin cin abinci ba kullum ne ciwo ba. Wanda aka kawo sabon wuri kan yi kwanaki, har mako ɗaya ko biyu, yana ɗari-ɗari, a rage ɗaukarsa a bar shi ya saba. Lokacin saɓa ma cinsa na raguwa. Idan biyu ne a akwati ɗaya, ka lura da wanda ke kwanciya a kan ɗan'uwansa a ƙarƙashin fitila. Mutane na ganin haka su ce shaƙuwa ce, alhali na sama ya tare wa na ƙasa zafi da haske ne, kuma na ƙasan shi zai fara ramewa. A raba su. Abin da ban yarda a fake da shi ba shi ne dogon barcin hunturu. Manya na yin sa, gaskiya ne, amma ɗan wata uku ko huɗu da ya lafe a lungu ido a rufe ba barcin hunturu yake ba, a nemi dalili.

Idan kwana uku ko huɗu suka wuce ba kashi, amma dabbar na da kuzari kuma cikinta da laushi, akwai abin da za a iya yi a gida. A auna zafi tukuna a gyara. A sa shi a ruwa mai ɗumi, kamar digiri 32 zuwa 35, wanda bai wuce kafaɗarsa ba, na minti 15, ana tsaye a kansa. A shafa cikin a hankali daga ƙirji zuwa wutsiya ba tare da dannawa ba, kuma kada a kwantar da shi rigingine, don numfashi na yi masa wuya a haka. A ɗiga ruwa a kan hancinsa ya lasa da kansa. Ɗura masa mai ko ruwa da ƙarfi kuwa haɗari ne, ƙofar numfashinsa a gindin harshe take, abu kaɗan ya kauce sai huhu.

In kuwa ana jin wani abu mai tauri a ciki, ko yana jan ƙafafun baya, ko amai ya maimaitu, ko gemunsa ya yi baƙi ya ƙi washewa, ko ido ya faɗa, ko wani jan nama ya leƙo ta dubura, to a ranar za a nemi likitan da ya san dabbobi masu rarrafe. Naman da ya zazzago a rufe shi da tsumma mai tsabta da aka jiƙa, kada ya bushe a hanya. Hoton X-ray na ciki zai nuna ko toshewa ce, ya kuma nuna yadda ƙashi ya yi. A tafi da sabon kashi in an samu, da hoton akwatin yadda fitilu suke, da ranar da aka sayi fitilar UVB, da adadin zafin da aka auna a kan dutse. A tafi kuma da littafin nauyi, wanda ya kamata a ce tun ranar farko ake rubuta shi: sau ɗaya a mako, a kan ƙaramin sikeli mai auna giram, da safe kafin ya ci komai. Ɗan ƙadangare kan ɓoye ciwo har sai ya ci ƙarfinsa, amma nauyin da ya tsaya mako biyu a jere yakan bayyana a littafin tun yana iya hawa dutsensa da kansa.